Tarihin Wasannin Cike Gurbi a Gasar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila

Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraron labarin wasanni a rediyo ya san cewa da zarar watan Afrilu ya kama, sai hankalin masu ba da labarin ƙwallon Ingila ya rabu biyu. Rabi yana kan wanda zai ɗauki kofin Firimiya, rabi kuwa yana can rukuni na biyu, inda ƙungiyoyi bakwai ko takwas ke turereniya a kan wadda za ta ƙare ta biyar da wadda za ta ƙare ta shida. Baƙon al'amarin ya kan yi mamaki, domin a irin gasar da muka saba gani, ko ta kokawa ko ta sukuwa, ba a yi wa na shida kirari. Dalilin turereniyar shi ne wata doka da aka bi tun daga 1989 har zuwa kakar da ta ƙare a 2025, in ban da shekara biyu da aka ɗan sāke ta. Ƙungiyoyi 24 ke cikin rukunin, ko wace ta yi wasa 46. Ta ɗaya da ta biyu su hau babban rukuni kai tsaye. Gurbi na uku kuwa ba a bai wa ta uku, sai a tara ta uku da ta huɗu da ta biyar da ta shida su kara, wadda ta yi saura ita ce ta hau.

Kafin mu shiga tarihin, ya kyautu mu daidaita kalmomi. Masu ba da labarin wasanni da Hausa suna kiran wannan karawa wasan cike gurbi, kuma sunan ya dace, gama gurbi shi ne ramin da aka tanada don wani abu ya zauna a ciki, kamar gurbin da kaza ke ƙwai. Haka kuma suna kiran tsawon lokacin gasa kakar wasa. Kaka a asalinta lokacin girbi ce, ga shi kuwa abin da za mu yi magana a kansa girbi ne, watau ranar da a ke auna abin da ƙungiya ta noma tun daga watan Agusta. Hawa shi ne tashi daga ƙaramin rukuni zuwa babba, faɗuwa kuwa ita ce akasinsa.

Abin da wannan takarda ke so ta nuna shi ne, mutanen Ingila sun gwada wannan hanya har sau biyu. Gwaji na farko ya mutu bayan shekara shida sabo da wani aibi da ke cikin tsarinsa. Na biyu ya daɗe, ko da ya ke shi ma yana da nasa aibin, domin ya yi maganin wata cuta da ta fi damun masu gasar, ita ce mutuwar gasa tun kafin lokacinta ya cika.

Wasannin gwaji, 1893 zuwa 1898

A cikin 1888 aka kafa gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila bisa ga shawarar William McGregor na ƙungiyar Aston Villa. Ƙungiyoyi 12 suka fara, Preston North End ta ɗauki kofin farko ba tare da an ci ta ko sau ɗaya ba. A 1892 aka buɗe rukuni na biyu, sai tambaya ta taso: ta yaya na ƙasa zai hau, ta yaya kuma na sama zai sauko? Manyan ƙungiyoyi ba su yarda su bar kujerarsu haka siddan ba. Suka ce ai zakara a rukuni na biyu bai tabbata ya fi kurar baya a rukuni na ɗaya ba, sai an gwada. Don haka aka shirya abin da suka kira wasannin gwaji: uku na ƙarshe a sama su kara da uku na farko a ƙasa, wasa ɗaya ɗaya.

Tun shekarar farko aka ga inda gizo ke saƙa. A 1893 Small Heath, wadda yanzu a ke kira Birmingham City, ita ce ta zo ta ɗaya a rukuni na biyu. Aka haɗa ta da Newton Heath, watau Manchester United ta yau, wadda ta ƙare a can ƙarshen rukuni na ɗaya. Suka yi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, da aka sāke wasan Newton Heath ta ci 5 da 2. Sheffield United da ta zo ta biyu ta hau, Darwen da ta zo ta uku ta hau, zakara kuwa ya zauna inda ya ke. A shekarar da ta biyo, Liverpool ta ɗauki rukuni na biyu ba tare da an ci ta ba, amma duk da haka sai da ta doke Newton Heath 2 da 0 kāna aka buɗe mata ƙofa.

Daga 1896 aka sāke tsarin, don a rage ƙarfin sa'a. Aka mai da shi 'yar ƙaramar gasa ta ƙungiyoyi huɗu, biyu daga sama biyu daga ƙasa. Ko wace za ta kara da biyun ɗaya rukunin gida da waje, a tara maki, biyu na farko su zauna a sama. A ido wannan ya fi adalci, amma a nan ɓarakar ta ke.

A 1898 ƙungiyoyin huɗu su ne Stoke da Blackburn Rovers daga sama, Burnley da Newcastle United daga ƙasa. A lokacin maki biyu a ke bayarwa in an ci, ɗaya in an yi kunnen doki. Da aka zo wasan ƙarshe, Stoke da Burnley ko wace tana da maki 4, sauran biyun maki 2 ko wace. To, Stoke da Burnley ne za su kara da juna ran 30 ga Afrilu a filin Victoria. Lissafin ba ya bukatar malami: in suka yi kunnen doki ko wace ta sami 5, ba kuwa mai iya kamo su. Haka aka yi. Aka tashi babu ci, kuma tarihi ya riƙe wasan da cewa ba wanda ya yi ƙoƙarin buga ƙwallo cikin raga. 'Yan kallo da suka biya kuɗinsu suka fusata, har in ƙwallon ta faɗa cikinsu sai su riƙe su ƙi mayarwa. Newcastle ta lallasa Blackburn 4 da 0 a wannan rana, amma a banza.

Hukumar gasar ta ji kunya ƙwarai. Ta ƙara yawan ƙungiyoyin rukuni na ɗaya daga 16 zuwa 18, aka shigar da Newcastle da Blackburn duka, sa'an nan ta soke wasannin gwaji ɗungum. Daga nan biyu na ƙarshe su faɗi, biyu na farko su hau, ba wata karawa.

Abin da ya komo da su

Shekara 89 aka yi a kan wannan hanya ta kai tsaye, sai dai daga kakar 1973/74 an mai da masu hawa da masu faɗuwa uku uku. Hanya ce mai adalci, ba mai musu. Amma tana da illa guda. Kafin watan Maris ya ƙare, yawancin ƙungiyoyi sun riga sun san ba za su hau ba, ba kuma za su faɗi ba. Sauran wasanninsu sai su zama na sauke nauyi kawai, mai goyon baya kuwa ba ya fitar da kuɗinsa cikin sanyi don ya kalli sauke nauyi. Muddin filaye na cika, ba wanda ya damu. A kakar 1948/49 yawan masu shiga kallo ya haura miliyan 41. Daga nan ya yi ta raguwa, har a 1981 aka mai da ladan cin wasa maki uku don a zaburar da 'yan wasa, amma raguwar ba ta tsaya ba.

Shekarar 1985 ita ce mafi muni. Ran 11 ga Mayu gobara ta tashi a filin Bradford City, mutum 56 suka mutu. Ran 29 ga wannan watan mutum 39 suka mutu a filin Heysel na ƙasar Beljiyam kafin wasan Liverpool da Juventus, aka kuwa hana ƙungiyoyin Ingila shiga gasar Turai har shekara biyar. Da sabuwar kaka ta fara, ba a nuna wasannin gasar a talabijin ba sai bayan rabinta ya wuce, sabo da an kasa daidaitawa a kan kuɗi. Masu shiga kallo a wannan kaka ba su kai miliyan 17 ba. Manyan ƙungiyoyi suka fara barazanar ɓallewa su kafa gasar kansu.

Cikin wannan hali aka zauna taro kusa da filin jirgin sama na Heathrow a watan Disamba, 1985. Manya suka sami abin da su ke so, watau kaso mafi tsoka na kuɗin talabijin, da rage rukuni na ɗaya daga 22 zuwa 20. Ƙanana kuwa aka share musu hawaye da shawarar Martin Lange, shugaban Brentford, cewa a komo da karawar ƙarshen kaka don su sami kuɗin ƙofa. Ya kamata mai karatu ya lura da wannan: neman kuɗi da neman 'yan kallo ne suka haifi wasan cike gurbi na zamani. Ba wanda ya zo taron yana kukan cewa hanyar kai tsaye ta zalunce shi.

A shekara biyu na farko tsarin ya ɗan yi kama da na dā, don a kan haɗa ƙungiya ɗaya daga sama da uku daga ƙasa. Bambancin shi ne wannan karon sili ɗaya ƙwale ne, wanda aka doke ya fita. A 1987 Oldham ta ƙare ta uku da maki 75, abin da a bara da ya hau da ita kai tsaye. Leeds United, wadda ta ba tazarar maki 7, ta fitar da ita da dokar ƙwallon da aka ci a gidan abokin karawa. Leeds ta haɗu da Charlton ta rukuni na ɗaya, ko wace ta ci a gidanta, aka tafi wasa na uku a Birmingham ran 29 ga Mayu. John Sheridan ya ci wa Leeds cikin ƙarin lokaci, sai ga Peter Shirtliff, mai tsaron baya, ya ci biyu cikin minti bakwai na ƙarshe, Charlton ta tsira. A wannan shekarar dai Gillingham ta tura Sunderland rukuni na uku, karo na farko a tarihinta. A 1988 Middlesbrough ta saukar da Chelsea, aka tashi da tarzoma a filin Stamford Bridge. Daga 1989 aka fitar da na sama daga cikin karawar, ta zama ta masu neman hawa kaɗai, a 1990 kuma aka mai da wasan ƙarshe guda ɗaya tak a filin Wembley.

Tseren neman kujera ta shida

Da aka yi haka, sai kujera ta shida ta yi daraja. Ƙungiyar da ke ta goma sha biyu a watan Fabrairu, wadda a dā ta riga ta naɗe tabarma, yanzu tana lissafin maki nawa suka raba ta da ta shida. Tun da wuri kuma aka ga cewa begen ba na banza ba ne. A 1990 Sunderland ta ƙare ta shida, ta fitar da maƙwabciyarta Newcastle wadda ta zo ta uku, Swindon ta doke ta 1 da 0 a Wembley, amma aka hana Swindon hawa sabo da laifin biyan 'yan wasa ta bayan fage, aka ba Sunderland gurbin. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. A 1992 Blackburn Rovers, wadda muka baro a 1898, ta ƙare ta shida ƙarƙashin Kenny Dalglish, ta doke Leicester 1 da 0, ta shiga sabuwar gasar Firimiya da aka buɗe a shekarar. Bayan shekara uku ta ɗauki kofin ƙasar.

Misalai uku sun isa su nuna yadda ranar ƙarshe ta kan kasance, ranar da a ke fara dukan wasannin rukunin a sa'a ɗaya don kada wani ya san sakamakon wani.

Na farko shi ne na Crystal Palace. A watan Disamba, 2003, tana ta 19 aka ɗauko Iain Dowie ya horar da ita. Ta yi ta cin wasa har ta kutsa cikin shida na farko, amma a ranar ƙarshe Coventry ta doke ta 2 da 1. A daidai wannan lokaci Wigan tana gaban West Ham da ci ɗaya, kuma da an tashi haka, da Wigan ta ƙwace kujerar. Sai Brian Deane na West Ham ya rama a minti na ƙarshe, Wigan ta fita, Palace ta shiga. Bayan mako uku West Ham ta haɗu da Palace ɗin a wasan ƙarshe a birnin Cardiff, inda a ke yin wasan daga 2001 zuwa 2006 sa'ad da a ke sāke ginin Wembley. Palace ta ci 1 da 0 ta hau. West Ham da hannunta ta shigo da wanda ya kā da ita.

Na biyu shi ne na 2013. Leicester da Nottingham Forest suka kara a ranar ƙarshe, ko wace tana neman kujera ta shida, ga Bolton kuma a gabansu. Bolton ta yi 2 da 2 da Blackpool. Anthony Knockaert ya ci wa Leicester ƙwallo ta uku bayan minti 90 sun cika, ta kamo Bolton a maki, ta wuce ta da yawan ƙwallaye. Bayan kwana takwas, ran 12 ga Mayu, ga wannan Knockaert ɗin tsaye zai buga fenariti a filin Watford, lokaci ya riga ya ƙare, in ya ci Leicester ta tafi Wembley. Mai tsaron gida Manuel Almunia ya tare, ya sāke tarewa, Watford ta kwashi ƙwallon a guje, cikin kamar daƙiƙa ashirin Troy Deeney ya jefa ta ragar Leicester. Watford ɗin ma ba ta hau ba, Palace ce ta doke ta a wasan ƙarshe. Leicester kuwa ta koma ta tara maki 102 a 2014 ta hau kai tsaye, a 2016 ta ɗauki kofin Firimiya.

Na uku ya faru ran 22 ga Yuli, 2020, a filayen da ba kowa sabo da annobar korona. Forest tana gaban Swansea da maki 3 da rarar ƙwallo 5, ko kunnen doki ya ishe ta. Stoke, wadda ba ta da abin nema, ta zo har gida ta ci ta 4 da 1, Swansea kuma ta ci Reading 4 da 1. Suka tashi da maki 70 ko wace, Swansea ta wuce da ƙwallo ɗaya tak. Aikin kaka guda ya tafi cikin 'yan mintoci. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kukan na uku

Amma fa daɗin da na shida ya sha, daga ƙwaryar na uku aka ɗebo shi. A 1995, da a ke rage Firimiya zuwa 20, gurbi ɗaya kaɗai aka bari na kai tsaye. Reading ta ƙare ta biyu, ta shiga gaban Bolton da ci biyu a Wembley, ta zubar da fenariti, aka tashi 4 da 3 an ci ta. A 1998 Sunderland ta tara maki 90, ta yi 4 da 4 da Charlton, Clive Mendonca wanda ya tashi a garin Sunderland shi ya ci uku daga cikin na Charlton, a bugun fenariti kuma aka tare wa Michael Gray, aka tashi 7 da 6. A 2024 Leeds ta tara 90, Southampton ta doke ta. A 2025 Sheffield United ta tara 90, Sunderland tana da 76 kuma an ci ta a wasanni biyar na ƙarshen kaka, amma Tom Watson ya ci ƙwallon nasara bayan minti 90, Sunderland ta hau. Watau ƙungiya ɗaya ta ɗanɗana dokar ta ko wane gefe: ta faɗi da ita a 1987, ta hau da ita a 1990, ta yi kuka a 1998, ta yi dariya a 2025.

Ga shi kuma nauyin abin ya ƙaru. Tun da kuɗin talabijin ya bunƙasa, masu lissafi suna ƙiyasta cewa wadda ta ci wasan Wembley ta sami abin da ya haura fam miliyan 100. Wadda aka doke kuwa sau da yawa tilas ta sayar da gwanayenta, wani lokaci mai horarwa ya rasa aikinsa. Mai cewa bai kamata minti 90 su rushe wasa 46 ba, yana da hujja.

Kammalawa

To, me ya sa gwaji na farko ya mutu cikin shekara shida, na biyu kuwa ya wuce shekara talatin da biyar? A ganina dalili uku ne. Na ɗaya, a sili ɗaya ƙwale ba sakamakon da zai amfani ɓangarorin biyu, don haka ba abin da za a haɗa baki a kansa kamar yadda Stoke da Burnley suka yi. Na biyu, an bar wa zakara hakkinsa, ba a sāke yi wa wani abin da aka yi wa Small Heath ba. Na uku, wasannin gwaji an yi su ne don a kāre na sama, na yanzu kuwa don a ba na tsakiya bege, na tsakiya kuma su ne masu yawa, su ke da ƙuri'a a taron hukuma, su ke da 'yan kallon da a ke nema.

Zaluncin da a ke yi wa na uku gaskiya ne, sai dai ya san dokar tun watan Agusta, kuma ƙofa biyu na kai tsaye suna buɗe gabansa. Inda haɗarin ya ke shi ne kwaɗayin ƙara faɗin ƙofar. A 2017 rukuni na biyar na Ingila ya mai da masu shiga karawar shida, har ta bakwai tana ciki. Ko wace kujera aka ƙara, tseren Afrilu ya ƙara zafi, darajar wasannin Agusta zuwa Maris kuma ta ragu daidai gwargwado. Masu tsara gasa a ko ina, har da namu da suka sha gwada karawar ƙarshen kaka ta ƙungiyoyi huɗu ko shida, ya kamata su auna wannan, su kuma tuna da abin da ya faru a filin Victoria kafin su mai da karawar ta tara maki.

Brentford, ƙungiyar Martin Lange wanda ya kawo shawarar, sau tara tana shiga wasan cike gurbi a rukunoni dabam dabam ana fitar da ita. Sai a karo na goma, a 2021, ta doke Swansea 2 da 0 a Wembley ta hau Firimiya. Lange bai ga wannan rana ba, ya rasu tun 2015.